Lokacin Neman Tallafin Gwamnati: Nazari Daga Garin Illela

1.0 Gabatarwa

Masu iya magana kan ce, ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan karin magana ya dace da sha'anin neman tallafin gwamnati, domin sau da yawa mutumin da ya cancanci taimako kan rasa shi saboda kurum ya nema bayan an rufe rajista, ko kuma ya zo a kan lokaci amma babu cikakkun takardu a hannunsa. Wannan babi zai yi bayani a kan ma'anar tallafi da ire-irensa, da dalilan da suka sa kowane tallafi yake da nasa lokaci, sannan ya fayyace lokacin da ya dace manomi da ɗalibi da magidanci da ma'aikaci su gabatar da buƙatunsu. An ɗauki garin Illela na Jihar Sakkwato a matsayin misali, saboda a nan noma da kiwo da fatauci da zaman bakin iyaka suka haɗu wuri guda.

2.0 Ma'anar Tallafi da Ire-irensa

Tallafi shi ne duk wani taimako na kuɗi ko kayan aiki ko hidima da ake bai wa mutum ko iyali ko ƙungiya domin rage musu raɗaɗin talauci, ko ɗaga sana'arsu, ko fitar da su daga wani mawuyacin hali. Bahaushe ya san tallafi tun kafin zuwan hukumomin zamani. Akwai gayya, da adashi, da gudummawar biki, da rancen hatsi tsakanin dangi, sannan akwai zakka wadda addinin Musulunci ya wajabta. Abin lura shi ne, kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da lokacinsa. Akan kira gayya ne lokacin da ciyawa ta fi ƙarfin mai gona, zakkar hatsi kuwa lokacin girbi ake fitar da ita, ta dukiya kuma sai shekara ta kewayo.

Tallafin gwamnati ana iya karkasa shi gida huɗu, kamar haka:

(a) Kyauta, wato abin da ba a biya, kamar kuɗin da ake bai wa gidaje marasa galihu.
(b) Rangwame, inda gwamnati ke ɗaukar wani kaso na farashi, mai amfana ya cika saura, kamar takin zamani.
(c) Rance mai sauƙi, wanda dole a biya, kamar bashin noma da bashin karatu.
(d) Agajin gaggawa, wanda ake bayarwa bayan ambaliya ko gobara ko wata annoba.

Sanin wannan rabe-rabe shi ne matakin farko, domin lokacin neman kowane rukuni ya bambanta da na ɗan'uwansa.

3.0 Illela da Yanayinta

Illela hedikwatar ƙaramar hukuma ce da ke arewacin Jihar Sakkwato, tazarar fiye da kilomita 80 daga birnin Sakkwato. Tana fuskantar Birnin Ƙonni na Jihar Tawa a Jamhuriyar Nijar, kuma mutanen garuruwan biyu dangin juna ne ta fuskar harshe da aure da ciniki. A ƙidayar 2006, yawan mutanen ƙaramar hukumar ya kai kimanin 150,000. Kasuwarta, wadda ke ci ranar Lahadi, ta shahara wajen cinikin shanu da raƙuma da tumaki da hatsi. Manoman yankin suna shuka gero da dawa da wake da damina, sannan su yi noman albasa da sauran kayan lambu da rani, musamman a kewayen tafkin Kalmalo.

Arzikin garin ya rataya ne a kan abubuwa biyu da talaka ba shi da iko a kansu: ruwan sama da buɗewar iyaka. A watan Agusta na 2019 gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa na tudu, ba a kuwa sake buɗe ta Illela ba sai a watan Disamba na 2020. A watan Agusta na 2023 an sake rufe ta sakamakon juyin mulkin da aka yi a Nijar, har zuwa watan Maris na 2024. A irin waɗannan lokuta dillalai da direbobi da 'yan dako da masu sayar da abinci sukan wayi gari babu abin yi. Wanda sunansa ke cikin rajistar hukuma tun kafin a shiga wannan hali, shi ne kan fi kusa da samun ɗauki.

4.0 Dalilan da Suka Sa Tallafi Yake da Lokaci

Dalili na farko shi ne kasafin kuɗi. Gwamnati ba ta kashe kuɗi sai da amincewar majalisa. Tun daga 2020 aka mayar da shekarar kasafin tarayya ta riƙa farawa daga Janairu zuwa Disamba, ko da yake akan tsawaita wa'adin wasu ayyuka. Wannan yana nufin cewa adadin mutanen da za su amfana da shiri an riga an ƙayyade shi tun kafin a fara rabo. Idan gurabe suka cika, sai wani zagaye.

Dalili na biyu shi ne rajista. Galibin shirye-shiryen zamani ba sa raba komai ga wanda ya zo ranar rabo. Suna aiki ne da jerin sunayen da aka tattara watanni kafin nan. Ke nan ranar rabo ba ita ce ranar nema ba.

Dalili na uku shi ne tantancewa. Akan ɗauki makonni ko watanni ana bincika sunaye da lambobi da asusun banki. Wanda ke buƙatar abu a watan Yuni, wajibi ne ya ƙidaya waɗannan makonni baya.

Dalili na huɗu shi ne canjin gwamnati. An kafa shirin yaƙi da talauci na NAPEP a 2001, daga baya ya shuɗe. An ƙaddamar da N-Power da TraderMoni a ƙarƙashin shirye-shiryen da gwamnatin Muhammadu Buhari ta fara a 2016, amma an dakatar da N-Power a 2023. A Jihar Sakkwato, gwamnatin Aliyu Magatakarda Wamakko (2007 zuwa 2015) ta riƙa biyan naƙasassu alawus na naira 6,500 a wata. Darasin da ke nan shi ne, shiri ba ya dawwama a siffa ɗaya, don haka wanda ya cancanta bai kamata ya ce sai baɗi ba.

5.0 Lokutan da Suka Dace

5.1 Takardu: Tun Kafin Buƙata ta Taso

Lokacin da ya fi dacewa a nemi takardu shi ne lokacin da ba a buƙatarsu. Muhimmai daga cikinsu su ne takardar haihuwa, da lambar ɗan ƙasa ta NIN, da lambar banki ta BVN wadda aka fara bayarwa a 2014, da takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma, da layin waya mai ɗauke da sunan mai shi. Doka ta tanadi a yi wa jariri rajista a Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa cikin kwana 60 da haihuwa, kuma wannan takarda ita ce tushen sauran.

A gari irin Illela akwai wata matsala ta musamman. Mutumin da ya yi karatu ko ya zauna a Ƙonni yana iya samun sunansa a rubuce bisa ƙa'idar Faransanci, kamar Aboubacar ko Mahamadou, alhali a takardun Nijeriya an rubuta Abubakar ko Muhammadu. Haka kuma da yawa daga cikin dattawa ba su riƙe ranar haihuwarsu ba, sai kowane ofis ya rubuta musu tasa. Na'ura ba ta san cewa mutum ɗaya ne ba. Da ta ga saɓani sai ta ture sunan gefe. Gyaran irin wannan kuskure yana cin lokaci, don haka a yi shi da kaka, sa'ad da akwai kuɗin mota a aljihu kuma aikin gona ya lafa.

5.2 Manomi

A yankin Illela damina gajera ce, takan zauna daga Yuni zuwa Satumba. Wasu manoma ma sukan yi binne, wato su shuka gero a busasshiyar ƙasa su jira ruwan farko. Taki yana amfani ne idan an zuba shi a makonnin farko bayan tsiro, lokacin noman firi da maimai. Takin da ya iso hannun manomi bayan gero ya fitar da kai ya rasa mafi yawan amfaninsa a wannan shekara, shi ya sa akan ga wasu sun kai shi kasuwa sun karyar.

Saboda haka, manomin damina ya kamata ya tabbatar da sunansa a ƙungiyar manoma da wurin malamin gona tun tsakanin Janairu da Maris. A farkon shekara ne kuma hukumar hasashen yanayi ta NiMet ke fitar da hasashen saukar ruwa da ɗaukewarsa, wanda zai taimaka wajen zaɓen iri. Manomin rani kuwa, wanda ke renon albasa wajen Oktoba ya dasa a Nuwamba ko Disamba, ya kamata ya nemi injin ban ruwa da iri da taki tun a watan Agusta ko Satumba.

Tarihi ya tabbatar da haka. A 2012, lokacin da Akinwumi Adesina ke ministan noma, an ɓullo da tsarin raba taki ta wayar hannu, inda manomi ke samun buhu biyu a kan rabin farashi. Saƙon yana zuwa ne kawai ga wanda aka riga aka yi wa rajista. Haka shirin Anchor Borrowers da Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar a Kebbi a watan Nuwamba na 2015 ya riƙa bin ƙungiyoyi ne, ba ɗaiɗaikun mutane ba. Shirin Fadama ma, wanda Bankin Duniya ya tallafa wa tun farkon shekarun 1990, ta hannun ƙungiyoyin masu amfani da fadama ya riƙa aiki. Ƙungiyar da aka kafa da gaggawa a makon rabo ba kasafai take tsallake tantancewa ba.

Akwai kuma inshorar gona ta hukumar NAIC, wadda aka fara a 1987. Ita ana shiga ne a farkon shuka. Babu kamfanin da zai karɓi gonar da fari ko fara suka riga suka cinye.

5.3 Gidaje Marasa Galihu

Tun daga 2016 ake tattara Rajistar Marasa Galihu ta Ƙasa, wadda ofishin NASSCO ke kula da ita tare da ofisoshin jihohi. Hanyar da aka bi ita ce, jami'ai su shiga gari su tara maza daban, mata daban, matasa daban, kowane rukuni ya bayyana abin da yake ɗauka talauci ne, sannan ya ambaci gidajen da suka fi shiga wannan hali. Daga nan masu ƙidaya su bi gida-gida. Daga wannan rajista ne aka zaɓi waɗanda aka riƙa ba naira 5,000 a wata. Bayan cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, gwamnati ta sanar da biyan naira 25,000 a wata har tsawon wata uku ga gidaje miliyan 15, kuma daga baya aka shardanta samun lambar NIN ko BVN.

A nan, lokacin nema shi ne ranar da aka kira taron unguwa. Wannan batu yana da muhimmanci ga Illela, domin da rani magidanta da yawa sukan tafi cin rani kudu ko su tsallaka iyaka fatauci. Wanda zai yi tafiya ya kamata ya bar bayanan gidansa a hannun iyalinsa, ya kuma sanar da mai unguwa ko hakimi. Haka nan zawarawa da masu riƙon marayu kada kunya ta hana su halartar irin wannan taro. Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jihar Sakkwato ita ma tana aiki da kwamitocin gundumomi, kuma rabonta kan yawaita gabanin azumi da cikinsa, don haka a kai koke ga kwamiti tun a watan Rajab ko Sha'aban.

5.4 Ɗalibi

Ga ɗalibi, shiri yana farawa tun a sakandare, domin tun 2021 hukumar JAMB ta wajabta lambar NIN kafin yin rajistar jarrabawa. A watan Afrilu na 2024 aka sa hannu a kan sabuwar dokar bashin karatu, aka kuma buɗe shafin asusun NELFUND a watan Mayu na shekarar. Bashin ba shi da ruwa, ya shafi ɗaliban manyan makarantun gwamnati har da kwalejojin ilimi, kuma an fara shi da biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makaranta tare da naira 20,000 a wata na kashewa. Dokar ta tanadi a fara biya shekara biyu bayan kammala hidimar ƙasa.

Ɗalibi ba ya iya nema sai makarantarsa ta tura bayanansa, don haka da zarar ya sami lambar shiga makaranta ya tuntuɓi ofishin kula da harkokin ɗalibai. Akan sabunta nema a kowace shekarar karatu. Ɗan Illela da ke karatu a Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Gidan Madi, ko a wata makaranta a birnin Sakkwato, ya kuma sa kunne ga sanarwar Hukumar Ba da Tallafin Karatu ta jiha, ya ajiye takardar shaidar ƙaramar hukumarsa kusa. Wanda ya jira har aka kusa rufe rajistar zango, yana iya rasa jarrabawa kafin kuɗi su fito.

5.5 Lafiya

Rigakafi ya fi magani. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko, kuma a Sakkwato hukumar SOCHEMA ce ke yi wa jama'a rajistar inshorar lafiya. Tsare-tsaren inshora galibi suna da lokacin jira tsakanin rajista da fara amfana, don haka ana shiga ne da ƙafafu, ba a kan gadon asibiti ba. Mai juna biyu ta fara zuwa awo tun a watannin farko. Haka kuma maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 yana zuwa ne da damina, wata-wata, kuma zagayen da ya wuce ba ya dawowa.

5.6 Bala'i

Wannan shi ne rukuni ɗaya tilo da ake nema bayan abu ya faru, kuma a nan da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Hukumar NEMA, wadda aka kafa a 1999, da takwararta ta jiha, suna dogara ne da rahoton ƙiyasin ɓarna da ake haɗawa a kwanakin farko. A ambaliyar da ta auku a Jihar Sakkwato a watan Satumba na 2010, wadda ta shafi Goronyo da wasu ƙananan hukumomi, dubban mutane sun rasa gidaje da gonaki a ɗan ƙanƙanin lokaci. A irin wannan hali, wanda abin ya shafa ya sanar da mai unguwa nan take, labari ya bi ta hakimi da uban ƙasa zuwa ƙaramar hukuma. A ɗauki hoton ɓarnar kafin a fara gyara, kuma a tabbata an rubuta sunan gidan lokacin da jami'ai suka zo.

5.7 Ma'aikaci

Ma'aikacin da ke dab da ritaya ya fara haɗa takardunsa aƙalla shekara guda kafin lokaci, musamman takardar kama aiki da ta ƙarin girma na ƙarshe. Ga waɗanda ke ƙarƙashin tsarin fansho na karo-karo, dokar 2014 ta ba wanda ya rasa aikinsa damar cire kashi 25 cikin 100 na ajiyarsa idan ya yi wata huɗu bai sami wani ba.

6.0 Lokacin da Bai Kamata a Nema Ba

Ba kowace ƙofa ce da aka buɗe ta cancanci shiga ba. Na farko, kada mutum ya karɓi rance yana ɗaukar sa rabonsa na arzikin ƙasa. Yawan rashin biya na daga cikin abubuwan da suka raunana shirin Anchor Borrowers, kuma da yake lambar BVN ta haɗa dukkan asusun mutum, bashin da aka ƙi biya yana iya rufe masa ƙofofin gaba. Wanda ba shi da gona ko sana'ar da za ta biya bashi, gara ya haƙura.

Na biyu, kada mai hali ya shiga layin marasa hali. Gurabe ƙidayayyu ne. Duk wanda ya shiga ba bisa cancanta ba ya ture maraya ko tsohuwa ne.

Na uku, a guji duk wanda ya ce a biya kuɗin fom a asusunsa, ko ya nemi lambar sirri ta katin banki. 'Yan damfara sukan yawaita daidai lokacin da aka sanar da sabon shiri, da kuma lokacin kakar zaɓe. Kafin a miƙa wa kowa bayani, a tabbatar da labarin daga rediyo, ko sakatariyar ƙaramar hukuma, ko ofishin hukumar da abin ya shafa.

7.0 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa tallafin gwamnati yana tafiya ne da kasafi da rajista da tantancewa, kuma kowane mai nema yana da nasa lokaci. Takardu da kaka ake gyara su, kayan noman damina tun da rani ake neman su, na noman rani tun da damina, bashin karatu a farkon shekarar karatu, inshora tun ana lafiya, agajin gaggawa kuwa a kwanakin farko na bala'i. Malamin makaranta yana da rawar takawa a nan, domin a ƙauyuka da dama shi ne ake kawo wa takarda ya karanta, shi ne kuma ake roƙo ya cike fom. Idan ya san waɗannan lokuta, ya kuma tunatar da iyayen yara a kan kari, zai iya zama sanadin da wani gida zai ci tuwo a tsakiyar damina, wani yaro kuma ya ƙarasa karatunsa.

Auna Fahimta

1. Kawo ire-iren tallafin gwamnati guda huɗu tare da misalin kowanne.
2. Bayyana dalilai uku da suka sa tallafi yake da ƙayyadadden lokaci.
3. Wace matsala ce mazauna bakin iyaka ke fuskanta dangane da rubutun sunaye, kuma yaya za a magance ta?
4. Kwatanta lokacin neman tallafi na manomin damina da na manomin rani.
5. Fito da karin magana uku daga cikin babin, ka yi bayanin yadda aka yi amfani da su.
6. Rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban ƙaramar hukumarku kana neman agaji ga unguwar da gobara ta shafa.